Tsufantar da ƙaramar mota: yadda ake sa mata tsatsa da ƙura da gangan

Akwai wani aikin hannu da ya yaɗu a Turai da Amurka da Japan wanda idan aka ba mutumin ƙauye labarinsa sai ya yi dariya: mutum ya sayi ƙaramar mota sabuwa fil, irin wadda ake ɗorawa bisa tebur, sannan ya zauna kwana da kwanaki yana ɓata mata fenti, yana sa mata tsatsa da ƙura, har ta koma kamar wadda ta shekara ashirin a bayan gareji. Ba ɓarna ba ce, jama'a. Gwaninta ce, har gasa ake yi a kanta, kuma wanda ya iya ta ya san inda motar gaske take fara lalacewa. Ga bayanin abin, da yadda mai sha'awa zai gwada da kayan da ke kusa da shi.

Wace irin mota ake nufi?

Mota ce da aka ƙera daidai da siffar ta gaske, aka rage girmanta bisa lissafi. Idan kun ga an rubuta 1/43 a jikin kwalinta, ana nufin sai an jera irinta 43 kafin su kai tsawon ta gaske. Mu ɗauki Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, wadda kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna. Tsawonta kusan mita 4 da rabi ne. A ma'aunin 1/64 za ta zo kamar santimita 7, a 1/43 santimita 10 da ɗan abu, a 1/24 kusan santimita 19, a 1/18 kuma santimita 25.

Iri biyu ne manya. Akwai waɗanda ake zubawa da narkakken ƙarfe, suna zuwa a haɗe da fentinsu, kamar Dinky Toys da aka fara a Ingila a 1934, da Matchbox a 1953, da Hot Wheels na Amurka a 1968, da Norev da Majorette na Faransa. Akwai kuma na roba masu zuwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, mutum ya haɗa da gam ya yi fenti da kansa, kamar na Tamiya a Japan da Heller a Faransa.

Abin lura shi ne duka biyun ba sa tsatsa. Roba dai an san ba ta yi. Ƙarfen da ake zuba na farkon kuwa, wanda ake kira zamak, yawancinsa zinki ne da ɗan alminiyom, ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Ke nan tsatsar da ake gani a jikinsu kwaikwayo ce, da hannu aka sa ta.

Inda abin ya samo asali

Masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa suna cikin waɗanda suka fara. Wani Ba'amurke, John Allen, wanda ya rasu a 1973, ya yi suna wajen sa wa taragai da gine-ginensa datti da alamun tsufa, a lokacin da yawancin mutane ke son nasu yana ƙyalli. Daga baya masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi suka ɗauka, kuma wani ɗan Beljiyam, François Verlinden, ya yaɗa dabarun ta hanyar littattafansa a shekarun 1980. Daga nan abin ya kai ga motoci.

Har ƙasarmu tana da hannu a ciki ta wata fuska. Tseren Pari-Dakar na farko, wanda ya tashi daga Pari ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai. Masu haɗa ƙananan motocin wannan tsere suna ƙoƙarin kwaikwayon ƙurar hamada da ta lulluɓe su, wato ƙurar da mu muke sharewa kullum ita suke neman launinta.

Kafin a taɓa fenti, a san tsatsa

Tsatsa tana fitowa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Gishiri yana ƙara mata sauri. Shi ya sa motar da ta zauna bakin teku, Kwatano ko Lome ko Legas, take ruɓewa da wuri, haka ma wadda ta yi aiki a ƙasashen Turai masu sanyi inda ake watsa gishiri bisa titi don narkar da ƙanƙara. Irin waɗannan ta ƙasa suke ciwo: ƙasan ƙofofi, bakin ramin taya, daɓen ciki, bututun hayaƙi, da gefen gilashi inda ruwa ke kwanciya.

Motar da ta tsufa a nan Sahel kuwa ta sama take fara nunawa. Rana ce ke cin fentin rufi da murfin inji har ya koɗe ya yi fari-fari, iska mai rairayi ta goge gaban, ƙurar hunturu ta cika kowane lungu. Tsatsarta sau da yawa busasshiya ce, mai duhu, a inda fenti ya ɓare.

Launin ma ba ɗaya ba ne. Sabuwar tsatsa tana da haske, tsakanin ja da ruwan ɗorawa. Tsohuwa tana yin duhu kamar ƙasa-ƙasa, wani wuri har baƙi-baƙi. Kuma ruwan sama yana jan ta ƙasa, sai ta bar zane siriri a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Don haka aikin farko shi ne mutum ya je tasha ko bayan gareji ya tsaya ya dubi tsohuwar mota da kyau, ya yanke shawarar irin tsufan da yake so. Wanda ya watsa tsatsa ko'ina ba tsari, kowa ya gani zai gane fenti ne.

Dabarar gishiri

Ita ce aka fi sani. Ana fara goge jikin motar da takardar gurza mai laushi, wadda kafintoci ke ce wa samfefa, don fenti ya kama. Sai a shafa launin tsatsa a jikin gaba ɗaya, mai duhu a ƙasa, a ɗiɗɗiga mai haske nan da can, a bari ya bushe sarai, kwana guda aƙalla.

Sannan a jiƙa wuraren da ake son tsatsa ta fito da ɗan ruwa, a barbaɗa gishiri. Idan ruwan ya bushe, gishirin zai manne. To, sai a fesa launin motar na ainihi a kai, shuɗi ko fari ko wanda aka zaɓa. Fesawa ake yi, daga ɗan nesa, sama-sama, don burushi zai share gishirin. In fentin ya bushe, a sa tsohon burushin haƙori a kakkaɓe gishirin. Duk inda ƙwayar gishiri ta zauna, launin tsatsa na ƙasa zai leƙo, kamar fenti ne ya ɓare da kansa.

A nan lissafin ma'auni yake da amfani. Ƙwayar gishiri mai faɗin milimita 1 a jikin motar 1/43 daidai take da tabo mai santimita 4 da wani abu a motar gaske. Ke nan gishiri mai manyan ƙwayoyi sai an daka shi, a haɗa mai laushi da mai ɗan tsakuwa don tabon kada ya zo iri ɗaya.

Dabarar soso

Wanda ba shi da abin fesawa, wannan ta fi masa. A yago ɗan guntun soson katifa, a tsoma cikin fenti mai launin tsatsa, a dangwala bisa takarda har ya kusa bushewa, sannan a riƙa dangwalawa a hankali a gefen ƙofofi, bakin ramin taya, da kusurwoyi. Kaɗan-kaɗan ake yi. Ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce aiki.

Tsararon fenti da busasshen burushi

Ana tsinka fenti baƙi ko ƙasa-ƙasa har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga shi cikin layin ƙofofi da ramuka. Da kansa zai bi layin ya kwanta, ya fito da su kamar datti ya taru. Don zanen ruwan sama, a sa ɗigon launin tsatsa a ƙarƙashin hannun ƙofa ko gefen gilashi, a ja shi ƙasa da burushi mai ɗan laima.

Busasshen burushi kuwa kishiyar wannan ce: a goge kusan duk fentin da ke bakinsa, a shafa sama-sama da launi mai haske, sai ya kama wuraren da suka taso kawai. Haka ake nuna fentin da rana ta koɗar. Bakin fensir na lakwal ma yana aiki: in aka goga shi a kaifin ƙarfe, sai wurin ya yi ɗan sheƙi kamar inda hannu ya saba taɓawa.

Gari da ƙura

A Turai garin launi ake saya na musamman. A nan kuwa jar ƙasa, da rairayi mai laushi, da gawayi, da allin lakwal mai launi duk suna yi, in an niƙa an tankaɗe da ƙyalle. Ana iya kankaro tsatsar gaske daga tsohon ƙarfe a niƙa ta. Wasu suna jiƙa garin ƙarfe na wurin mai walda cikin ruwan binegir kwana kaɗan, su shanya, su sami jan gari. In za a yi haka kada a toshe bakin kwalbar, don iska na tasowa daga ciki. Ana ɗora garin da burushi a tayoyi da ƙasan mota, a kama shi da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa.

Wata ƴar dabara: a yanka takarda mai gam daidai inda magogin gilashi ke sharewa, a manna, a sa ƙura, a ɓare. Sai gilashin ya fito da ƙura ko'ina ban da wurin. A ƙarshe a rufe aikin da banish marar sheƙi, don tsohuwar mota ba ta ƙyalli.

Motar gwangwani fa?

Nan yaranmu da masu ƙera motocin gwangwani suka fi Turawa sa'a, don tasu tana iya yin tsatsar gaske. Gwangwanin madara da na tumatir baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza. Na lemon kwalba kuwa yawanci alminiyom ne, ba ya yi. A gwada da maganaɗisun tsohuwar rediyo: in ya kama, zai yi tsatsa. A goge wurin da ake so da samfefa, a shafa ruwan gishiri da ɗan binegir, a ajiye a inuwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu za a ga launi. In ya kai yadda ake so, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a shanya sosai, a shafa banish. In ba a yi haka ba tsatsar za ta ci gaba da cin ƙarfen har ya huje.

Abubuwan kiyayewa

Kada a taɓa haɗa ruwan jabel da binegir. Haɗinsu yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Kada a yi amfani da ruwan batir. Fesa fenti a waje ake yi, nesa da murhu, a rufe hanci. Wani fentin fesawa yana narkar da roba, don haka a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri.

Bakin gwangwani yana yanka, a lanƙwasa shi ciki. Wanda ya yanke ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, ya je gidan likita a duba maganar allurar tetanos. Ƙwayar cutar ba tsatsa ke haifar da ita ba, cikin ƙasa da kashin dabbobi take, amma tsohon ƙarfen da ya kwana a ƙasa yana iya kai ta cikin jiki. Motar da aka tsufantar ta ado ce, ba ta hannun ƙaramin yaro mai kai komai baki ba.

Sai ƴan uwa na ƙasashen waje masu aiko da tsaraba. In kun ci karo da tsohuwar Dinky ko Norev, musamman mai kwalinta na asali, kada ku bari a sa mata samfefa. Masu tara irin waɗannan da fentinsu na asali suke neman su, kuma da zarar an taɓa shi darajarta ta faɗi. A koyi hannu da mai araha, irin wadda yara suka riga suka gaji da ita.