Lokacin da Kano ke tufatar da Sahara

1/ Jama'a, yau muna rige-rigen shadda Getzner daga Ostiriya da atamfa 'yar Holan. Ni kuwa karatun tarihi ya nuna min akwai lokacin da mu ake wa wannan layin. Ku biyo ni.

2/ A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Timbuktu, Ghat, har Tarabulus. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa waje da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara.

3/ Kuma sana'ar ta game gari. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi mai baba da toka, mabugi ya buge. Riga ɗaya sai ta ciyar da gida biyar.

4/ Sarkin kayan shi ne turkuɗi, wanda garin Kura ya yi fice a kai. A rina shi a sake rinawa, sannan a buge shi da garin shuni har ya riƙa walƙiya. Nan rawanin nan Ɗan Kura ya samo suna.

5/ Buzaye ne manyan masu saye. A wurinsu saurayi ya fara naɗa rawani ya rufe baki, to ya shiga sahun manya. Shunin kan zuba a fatarsu, shi ya sa Turawa ke ce musu shuɗɗan mutane. Ka ga alamar da duniya ta san Buzu da ita, hannun Bakano ne ya yi ta.

6/ To me ya faru? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kemikal. A 1903 Turawa suka ci Kano, yadin Ingila ya cika kasuwa. Daga baya masaƙun Kaduna da aka fara a 1957 su ma suka durƙushe, kayan Sin suka mamaye Kantin Kwari.

7/ Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan, amma rijiyoyi da yawa sun bushe, 'ya'yan marina sun kama wata sana'ar.

8/ Ban ce a daina saka shadda ba, ni ma ina sakawa. Amma cikin ɗinkin sallah uku, a ce ɗaya rinin gida ne, ai marini zai samu dalilin koya wa ɗansa. Wa ke da ko kala ɗaya a akwatinsa? Ku turo hoto mu gani.