Birkin tsofaffin kamiyo: daga zamanin gujiya zuwa faɗuwar sefa

Duk dattijon da ya yi karen mota a hanyar Maraɗi zuwa Gaya a zamanin gujiya, in ya tuno aikinsa, da wuya ya manta da wani gungumen icce mai mariƙi da ke rataye a gefen kamiyo. Da mota ta tsaya a hawa ko a gangara, kafin direba ya ɗaga ƙafa, yaro ya riga ya dira ya cusa iccen nan ƙarƙashin tayar baya. Ba al'ada ce ta banza ba. Direbobin wancan lokaci sun san iyakar birkinsu, sun san kuma irin hannun da ya gyara shi.

Manyan motoci sun yawaita a kudancin Nijar ne saboda gujiya. Da can amfanin Maraɗi da Damagaram Kano yake nufa, inda jirgin ƙasa ke kwasa zuwa Legas. A shekarar 1953 mulkin Faransa ya shirya abin da aka kira Opération Hirondelle, wato shirin tsattsewa, domin kaya su bi ta Dahome: kamiyo su kai gujiya tashar jirgi ta Paraku, su komo da hajar da aka sauke a Kotonu. A 1958 aka buɗe gadar Gaya da Malanbil bisa kogin Kwara. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikin gujiya, da SNTN a 1963 don sufuri. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1000, mafi yawanta kan burji mai gargada, wadda ke kwance ƙusa, ta tsage bututu, ta cika kowace kafa da jar ƙura.

Sarauniyar wannan hanya ita ce Berliet, ƙirar birnin Liyon, musamman samfurin GLR da ya fito wajen 1950. Birkinta na iska ne, dabarar da George Westinghouse ya ƙago wa jirgin ƙasa a Amurka a 1869. Injin yana juya kwamfaresa, ita kuma ta tara iska cikin tuluna na ƙarfe da ke ƙarƙashin mota. In direba ya taka, iskar ta ruga cikin wani ƙoƙo da ke kusa da kowace taya, ta tura faifan roba, faifan ya tura sanda, sandar ta murɗa wani ƙarfe da ke buɗe muƙamuƙai biyu, su kuma su matse cikin gangar da ke juyawa tare da tayar. Abin lura shi ne, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ba a iya kwance shi da sifana da guduma a gindin bedi. A kan wannan ne sana'ar gyaran birki ta tsayu a garuruwanmu.

Zuciyar aikin ita ce ferodo, wato shimfiɗar da ke bisa muƙamuƙai, wadda ke cin gogayya. Sunan na kamfani ne da wani Bature, Herbert Frood, ya kafa a Ingila a 1897, amma a bakin makanikai ya zama sunan abin da kansa. In ta cinye, ba a jefar da muƙamuƙi. Sai a huda tsofaffin ƙusoshi a fidda su, a kankare tsatsa, a ɗora sabuwar shimfiɗa, a huda ta daidai da ramukan ƙarfen, a faɗaɗa bakin kowane rami don kan ƙusa ya nutse ƙasa da fuskar ferodo. Ƙusoshin na ƙarfe mai laushi ne, jan ƙarfe ko sanholo, don ko sun taɓa ganga kada su ƙwarzane ta da sauri. Gwani daga tsakiya yake fara dakansu ya yi gefe-gefe. Wanda ya fara daga baki zai bar kumburi a tsakiya, shimfiɗar ta yi ta kuka har ta tsage. Bayan an mayar, sai a ɗaga tayar, a matse madaidaici har ta ƙi juyawa, a sassauta kaɗan-kaɗan har ta sake. Ana neman yoyon iska da ruwan sabulu da kunne. Kowace safiya kuma aikin karen mota ne ya buɗe ƙasan tulu ya zubar da ruwa da baƙin man da suka taru, domin su ne ke cinye robobi daga ciki. Ni a ganina, garejin da ke koya wa yaro wannan buɗe tulu kafin ya ba shi sifana ya fi wanda ya cika bango da takardun shaida.

Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta auka wa gujiya a 1975, sun kashe cinikin, amma motocin ba su mutu ba. Sun koma dakon wake da albasar Galmi da dabbobi da kayan fito zuwa Najeriya, hannu zuwa hannu, kowane sabon mai ita ya fi na baya ƙarancin jari. A can Faransa an haɗe Berliet da Saviem ƙarƙashin Renault a 1978, a 1980 sunan ya ɓace daga goshin sababbin motoci. Sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi dare ɗaya.

Daga nan ne gyara ya fara rikiɗa ya zama lallaɓawa. Mai mota yana ganin amfanin kuɗin da ya zuba a injin, don injin ke kai kaya kasuwa. Na birki kuwa ba ya ganinsa sai ranar da babu. Ganga da ta yi zane ana kai ta injin sassaƙar ƙarfe a gyare cikinta, kuma tana da iyakar da maƙera suka sa. Aka shiga wuce iyakar. Siririyar ganga in ta yi zafi a doguwar gangara, irin ta duwatsun Adar, buɗewa take yi ta guje wa ferodo, direba yana taka har ƙasa mota ba ta ji. Ferodon da man gindin taya ya jiƙa, maimakon a canza ta, sai a wanke da fetur ko a babbaka, alhali man yana nan cikin jikinta, zafi zai sake fiddo shi. Na taɓa ganin an yanka tsohon tub an yi faifan ƙoƙo da shi, na kuma ga an naɗe bututun taya guda an dake bakinsa don a tsai da yoyo. Wannan a kai gari ne ake yi, sai ya shekara a jikin mota. A tsofaffin samfura haɗarin ya fi girma, domin in iska ta ƙare birki ya ƙare. Motocin baya sun zo da ƙaƙƙarfan sifirin a ƙoƙon tayoyin baya, wanda iska ce ke danne shi, ta yadda in ta tsere shi zai kulle tayoyin da kansa. Gungumen iccen karen mota aikin wannan sifirin yake yi tun kafin ya iso.

Akwai wani bashi da wannan sana'a ba ta taɓa lissafawa ba. Ferodon wancan zamani da asbestos ake yin ta, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya ƙonewa, wanda ƙurarsa ke maƙalewa a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekara 20 ko 30. Faransa ta hana amfani da shi daga 1 ga Janairun 1997. A garejinmu kuwa, hanyar tsabtace ganga ita ce a hura mata iskar kwamfaresa, kuma ƙaramin yaron gareji ake sa wa wannan aiki, shi ne kuma ke riƙe shimfiɗa ana goge ta da zarto. Jiƙa wurin da ruwa kafin a taɓa, a share da ɗanyen tsumma, yana rage ƙurar ƙwarai, ba ya kuma cin ko dala. Yaran da suka hura gangunan Berliet a shekarun 1980 su ne iyayen gareji a yau a Maraɗi da Tawa da Damagaram.