Daga Alƙalamin Sifawa Zuwa Buɗaɗɗiyar Jami'a

Gabatarwa

Matafiyin da ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega zai ratsa ƙasar Boɗinga, inda garin Sifawa yake, sa'an nan ya isa Shagari. Tafiyar ba ta da nisa, amma garuruwan nan suna da abin faɗa game da wata muhawara da ake yi a manyan makarantu, watau ko na'urori irin su rediyo da kwamfuta suna da amfani wajen koyar da ɗaliban kwaleji da jami'a. Waɗansu na ganin baƙin abubuwa ne masu raba ɗalibi da malaminsa. Tarihin yankin kuwa ya nuna cewa matsalar da ake so na'ura ta warware tsohuwa ce: malamai kaɗan ne, masu neman ilmi suna da yawa, kuma a warwatse suke.

Sifawa da Boɗinga

Wajen shekarar 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi. A Sifawa ne Shehu ya raba aikin mulki tsakanin Abdullahi da Muhammadu Bello a 1812, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, har ya koma Sakkwato a 1815. Ɗalibai sun zo daga nesa, amma daular ta kai Bauchi da Adamawa, ba kowa ne ke iya zuwa ba.

Kayan aikin zamanin su ne alƙalamin kara da tawada da takarda. Takardar ma daga Turai fatake ke kawo ta ta hamada, galibi mai tambarin jinjirin wata uku. Idan malami ya gama littafi sai almajirai su kwafe shi da hannu, kwafin ya shiga gafaka ya tafi wani gari, a can ma a sake kwafe shi. Ga waɗanda ba su iya Larabci ba kuwa, sai aka tsara ilmin cikin waƙa da Fulatanci da Hausa, domin waƙa tana da sauƙin hadda. Daga baya Nana Asma'u ta ƙara tsara wannan hanya, inda jajoji ke karɓar darasi daga gare ta su kai wa matan ƙauyuka. Wannan shi ne karatu daga nesa tun kafin a raɗa masa suna. Sai dai littafi bai kori malami ba, gama ɗalibi ba ya samun ijaza sai ya karanta shi a gaban wanda ya san shi.

Malamin da ya fito daga Shagari

An haifi Alhaji Shehu Shagari a garin Shagari a 1925. Ya yi elamantare a Yabo, da Midil ta Sakkwato, da Kwalejin Kaduna, sa'an nan ya dawo ya koyar da kimiyya a Midil ɗin, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya domin koyar da labarin ƙasa, watau ya ɗauki dabarar magabata ya shigar da ita aji.

Kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, buƙatar ilmi ta riga ta fi ƙarfin ajujuwa. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, kuma shirin ilmin firamare ga kowa na 1976 ya buƙaci ɗimbin malamai, abin da ya sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ta koyar da su suna bakin aiki. Gwamnatin Shagari ta buɗe jami'o'in fasaha, farawa da na Bauchi da Makurɗi da Owerri a 1980. Ta kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Afolabi Ojo domin ya tsara Buɗaɗɗiyar Jami'a irin wadda Ingila ta kafa a 1969, wadda a lokacin take koyarwa ta gidan waya da rediyo da talabijin. An sa wa dokar hannu a watan Yuli na 1983.

Jami'ar ba ta yi tsawon rai ba. Soja suka karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, suka dakatar da ita a watan Afrilu na 1984. Ba ta farfaɗo ba sai a 2002, a zamanin Shugaba Obasanjo. Shekara goma sha takwas ke nan. Malamin firamare na ƙauye da akawun ƙaramar hukuma, waɗanda ba su iya barin aiki da iyali su tare a jami'a, su ne suka biya kuɗin wannan jinkiri da ƙuruciyarsu.

Amfanin da tarihi ya nuna

Amfani na farko shi ne kai malami inda ɗalibi yake. Abin da kwafin hannu ya yi cikin watanni, rediyo da intanet suna yin sa nan take. Na biyu shi ne maimaitawa. Laccar da aka yi a zaure mai cunkoso takan wuce da zarar malami ya rufe baki, amma wadda aka naɗa ɗalibi zai saurare ta har ya gane, kamar yadda mai hadda ke bitar waƙa. Na uku shi ne adanawa da yaɗawa. Rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, idan an ɗauki hotonsu, ɗalibai da yawa za su karanta su ba tare da takardar ta yage ba.

Shekarar 2020 ta gwada wannan. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, ga kuma yajin aikin malaman jami'a, sai karatu ya tsaya cik a yawancin jami'o'in gwamnati na tsawon watanni, alhali makarantun da suka riga suka tanadi kayan aiki suka ci gaba da darasi.

Kammalawa

Ba rashin na'ura ne ya rufe Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1984 ba, sauyin manufa ne. Saboda haka nauyin yana kan ma'aikatan da ke tsara kasafi su tanadi wutar lantarki da kuɗin gyara da horon malamai kafin a sayo kwamfuta, su kuma kare shirin idan gwamnati ta sauya. Ɗalibi kuwa ya tuna da ƙa'idar ijaza: abin da ya samo a na'ura bai zama ilminsa ba sai ya kai shi gaban malami an tantance. Da wannan sharaɗi ne littattafan Sifawa da Boɗinga suka isa garuruwan da marubutansu ba su taɓa takawa ba, kuma har yau ana karanta su.