Rawa da Gaɗa a Azuzuwan Share Fage: Nazarin Ginuwar Ƙwarewar Yara a Fagge da Sabon Gari, Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi gurbin motsa jiki mai tafiya da kari, wato rawa da tafi da waƙa, a tarbiyyar yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a ƙaramar hukumar Fagge. An dogara da takardun manufofin ilimi, da nazarce-nazarcen ilimin halayyar yara, da adabin baka na Hausa. Matsayin maƙalar shi ne wasannin dandali sun riga sun ƙunshi ƙwarewar da ajin rawa ke ginawa, kuma wajibi ne a shigar da su jadawalin kullum.

Gabatarwa

Fagge tsohon zangon fatake ne a wajen ganuwar Kano, Sabon Gari kuwa ya kafu bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya zama mazaunin 'yan kudu da makarantun mishan. A yau cunkoso ya haɗa su: Kantin Kwari a nan, kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi a can, shaguna da rumbunan kaya sun cinye filayen da yara kan taru. Enid Schildkrout (1978) ta nuna yadda yaran birnin Kano ke zirga-zirga tsakanin gidaje da tituna, suna aike da talla, suna koyon zaman duniya a hanya. Yaron da ake kullewa a gida saboda babura masu ƙafa uku, a miƙa masa waya don ya yi shiru, ya rasa wannan makaranta.

Abin da manufa ta tanada

Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugun 1977, ta ce a koyar da 'yan share fage ta hanyar wasa, da harshen uwa ko na yankin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin tsarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu minti 180 na motsa jiki a yini, 60 daga ciki mai sa haki. Ajin da ke cikin ɗakin haya, bencina a cushe, ana ta bitar haruffa da ƙarfi tun safe, bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da rawa ke ginawa

Lobo da Winsler (2006) sun gwada shirin rawa na mako 8 a kan yaran shirin Head Start a Amurka, suka ga ci gaba a iya cuɗanya da raguwar fitina. Kirschner da Tomasello (2010) a Jamus sun gano cewa 'yan shekara 4 da suka yi waƙa da rawa tare sun fi saurin taimakon juna bayan wasan. Diamond (2013) ta kasa iya sarrafa kai gida uku: danne son rai, riƙe umarni a ka, da sauya dabara. Duk ukun na aiki a wasan da ake tsayawa cak idan kiɗa ya yanke.

Gaɗa a mizanin waɗannan sakamako

A nan ne maganar take. A gaɗa 'yan mata kan yi rabin da'ira, ɗaya tana bayarwa sauran na amshi, tafi na riƙe kari. Sai ɗaya ta fito fili, ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo, ƙawaye su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan kari ta koma layi. Mai faɗowa tana koyon yarda da mutane da daidaita jiki. Masu cafewa dole su haɗa hannu a lokaci guda, in ɗaya ta makara an yi ɓarna. Wadda ke jiran layi tana danne zumuɗi, mai amshi kuma tana kama gaɓoɓin kalma da amsa-amo, waɗanda su ne tubalin karatu daga baya. Langa, inda yaro ke riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, tana ƙarfafa tsayuwa, carafke kuma tana horar da ido da yatsu kafin su kama fensir. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, saboda haka malama ba ta rasa madogara.

Ba a ɗauko gaɗa ɗungurungum a ba ɗan shekara 3. Cillawa sama ba tasa ba ce. A bar masa da'ira, da tafi, da amshi, da fitowa fili bi da bi, a kan tabarma.

Cikas biyu

A makarantu masu zaman kansu, musamman a Sabon Gari, rawa takan fito ne gab da bikin ƙarshen shekara ko ranar al'adu. A zaɓi 'yan ƙalilan da suka riga suka iya, a ɗinka musu kaya, a yi ta maimaita taku ɗaya don iyaye su ɗauki hoto. A ganina wannan baje koli ne, domin yaron da ya fi buƙata, mai jin kunya ko mai yawan tuntuɓe, shi ake zaunarwa a gefe.

A ɓangaren Fagge kuwa, iyaye da yawa na ɗari-ɗari da abin da suke gani a finafinai da TikTok, kuma damuwarsu abar saurare ce a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a 2000. Amma tafi da waƙar ƙananan yara mai tsabtar kalmomi, maza daban mata daban in an so, abu ne da kakanninsu suka tashi a ciki. Hadisin da Bukhari ya ruwaito na 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi yana cikin hujjojin da malamai kan kawo a wannan babi.

Shawara

Minti 15 zuwa 20 kowace safiya, kowane yaro a ciki, ya fi makonni na shirin biki amfani. Ba a buƙatar lantarki ko sifika: a ture bencina gefe, tafi ya isa. Nauyin yana kan makarantun horar da malamai da ke Kano su koya wa ɗaliban sashen renon yara jagorantar wasa da lura da ci gaban kowane yaro, kamar iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, bin kari, da jiran layi. Masu duba makarantu na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha su ma su riƙa tambayar rajistar wannan ci gaban kamar yadda suke tambayar ta halarta.