Kwal: Wuta a Gari Ɗaya, Toka a Wani Garin

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kun tuna ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata turakun layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Mando, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi? Fiye da mako guda yawancin Arewa na cikin duhu. Daga Kawo har Unguwan Rimi, mai walda ya zauna, mai niƙa ya zauna, ƙanƙara ta koma kayan masu hali. A kwanakin ne na riƙa jin matasa suna tambaya a majalisa da Facebook: wai tunda muna da kwal a Gombe da Kogi da Binuwai, me ya hana a gina mana tashar wuta tamu a nan Arewa mu huta? Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan raina ta ba. Amma kwal ba baƙo ba ne a garin nan, ya taɓa ratsa Kaduna shekara da shekaru, kuma akwai garuruwan da suke zaune da shi yanzu haka. Su nake so mu leƙa yau.

Da farko mu raba kwal da gawayi, don wasu na haɗa su. Gawayi itace ne aka ƙona. Kwal kuwa baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, ragowar itatuwan da suka binne tun miliyoyin shekaru.

A 1909 Turawan mulkin mallaka suka gano shi a tsaunukan Udi, inda garin Inugu yake yanzu. Kafin 1916 sun fara haƙa, sun kuma shimfiɗa layin dogo daga can zuwa bakin teku, zuwa wani sabon gari da suka kafa musamman don lodin kwal, suka raɗa masa sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt. Shi ne Fatakwal. Kada wani ya ce kwal ɗin da ke ƙarshen sunan daga dutsen ya samo asali, a'a, bakin Bahaushe ne kawai ya lanƙwasa sunan Bature, sai abin ya yi dace.

To ina Kaduna ta shigo? A 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, kuma cikin dalilan Lugga na zaɓen wurin akwai kogi da layin dogon Legas zuwa Kano da ya tsallaka shi. Sai a 1927 layin gabas ya iso ta Kafanchan ya haɗe da wancan a Kaduna. A Makurdi jirgin fito ne ke tsallakar da taragu har zuwa 1932 da aka buɗe gadar Binuwai. Daga nan kwal ɗin Inugu ya riƙa hawowa Arewa a tarago-tarago. Shi ne abincin kan jirgi. Duk buhun gyaɗar da ya bar Kano, duk dilar audugar da ta bar Zariya da Funtuwa, duk kuzar da ta sauko daga Jos, da ƙarfin kwal suka isa teku.

Ku duba yadda aka tsara garin namu. Ofisoshin gwamnati da gidajen manyan ma'aikata da filin sukuwa, duk a arewacin kogi. Mahaɗar jiragen ƙasa, inda hayaƙi ke tashi dare da rana, a kudancin kogi. Da masaƙu suka zo, farawa da KTL a 1957, Kakuri aka kai su, ruwan rininsu ya riƙa bin rafin Makera yana faɗawa kogin Kaduna, a ƙasa da inda gidan ruwa na Malali yake ɗibar mana ruwan sha. Masu noman rani na ƙasan kogi su suka yi ta ban ruwa da shi. Matatar mai ta 1980 ita ma can kudu aka kai ta. Mu da muka taso a wannan tsallaken, gaskiya mun saba cin moriyar masana'anta ba tare da mun shaƙi warinta sosai ba, shi ya sa kiran a kawo kwal yake mana sauƙi a baki.

Waɗanda suka haƙo dutsen kuwa, da jininsu suka biya. Ranar 18 ga Nuwamban 1949, a mahaƙar Iva Valley da ke Inugu, leburori na yajin aikin jan ƙafa kan albashi da bashin haƙƙoƙinsu, sai wani jami'in 'yan sanda Bature ya ba da umarnin buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Wannan kisan ya girgiza ƙasar, ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1950 haƙar ta kai ƙololuwa, kusan tan dubu 900 a shekara, har an gina tashar wuta mai cin kwal a Oji River a 1956. Daga nan sai gangara. A shekarar ce aka samu man fetur a Oloibiri, reluwe ta koma kan jirgi mai shan dizal, yaƙin basasa ya rufe ramukan, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968. Kwal ya kwanta.

Ya sake farkawa ne a Arewa, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne. A ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe akwai wani ƙauye mai suna Maiganga. Wajen 2007 kamfanin simintin Ashaka ya fara haƙar kwal a wurin don ƙona simintinsa, daga baya ma ya gina wa kansa ƙaramar tashar wuta mai megawat 16 da ke aiki da shi. Ba rami ake shiga ba irin na Inugu, ƙasar ake yayewa gaba ɗaya, gona da itatuwa da komai. An tashi mutanen ƙauyen an gina musu sabbin gidaje a gefe. Tun daga lokacin suke kuka, 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha ɗauko koken nasu: gonaki sun tafi, diyyar ba ta kai ba, gidajen da aka gina musu suna tsagewa, ƙura ba ta ƙarewa, ruwan da suke sha da dabbobinsu ya gurɓace. Sun sha yin zanga-zanga har da tare hanyar shiga mahaƙar. Kamfanin na cewa ya yi musu makaranta da asibiti da rijiyoyin burtsatse. Ko ma yaya ne, lissafin a fili yake: simintin ya tafi Abuja da Kano da Kaduna ya zama benaye, ramin ya tsaya a Maiganga.

Mu tsallaka Nijar, wajen 'yan uwa. A Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, kamfanin SONICHAR yana ƙona kwal tun 1981, tasha ce mai megawat wajen 37. Don wa aka gina ta? An gina ta ne domin mahaƙan yuraniyom na Arlit, yuraniyom ɗin da ya yi shekaru yana haska biranen Faransa. A tsakiyar hamada, inda ɗigon ruwa ya fi kuɗi daraja, tashar na zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa don tukunyarta. Sai kuma Salkadamna a jihar Tawa, ƙasar Adar. A 2014 Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin tashar da aka ce za ta kai megawat 600, aka yi ta jira. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, maganar ta sake tasowa da ƙarfi. Ni dai ban ga laifinsu ba. Wanda maƙwabci ke riƙe da makunnin fitilarsa dole ya nemi tasa.

Me ke faruwa a cikin irin wannan tasha? Niƙa kwal ake yi ya zama gari, a hura shi cikin wuta, wutar ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya haifar da lantarki. Abu uku ke biyo baya. Hayaƙin na ɗauke da iskar farar wuta da wata ƙura mai laushin da ido ba ya gani, wadda ke wucewa har cikin huhu, ta tayar da asma da ciwon zuciya. Tokar da ta rage tana da zaiba da darma da sauran guba, idan aka jibge ta a fili ruwan damina ya wanke ta zuwa rafi da rijiya. Darma kuwa ba sai an yi wa ɗan Arewa bayani ba, mun ga abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Na uku shi ne ƙishirwa, tashar kwal na shan ruwa ba kaɗan ba, don haka kusa da kogi ake son kafa ta. Yanzu ku ɗauki wannan hayaƙin ku ɗora shi kan hazon hunturu na watan Janairu a Kaduna, lokacin da asibitin Barau Dikko ke cika da masu tari. Hayaƙi bai san gada ba, ba ya tsayawa a tsallaken kogi.

Akwai na'urorin tace hayaƙi, akwai hanyar adana toka a ramin da aka shimfiɗe ƙasansa. Suna aiki, amma suna da tsada, kuma su ne abu na farko da ake yankewa idan kuɗin kwangila ya gaza. Mu da muka ga tashar Kudenda, mai megawat 215, wadda ba ma ta kwal ba ce, aka bayar da kwangilarta tun 2009 aka yi ta ɗaga ranar buɗewa, mun san yadda ayyuka ke tafiya a ƙasar nan.

Wasu za su ce ai da kwal Turawa suka gina ƙasashensu, yanzu da suka ƙoshi suke hana mu. Akwai gaskiya a ciki, rabon Afirka cikin hayaƙin da ya ɗumama duniya ɗan kaɗan ne. Amma su ma sun biya. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar, mutum wajen dubu huɗu suka mutu nan take, abin da ya tilasta musu dokar tsabtace iska a 1956. Ingila ta rufe tasharta ta kwal ta ƙarshe ranar 30 ga Satumban 2024. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa ba da bashin irin wannan aiki, ta sanar a 2021 cewa ta daina gina sabbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Ke nan ko kuɗin ginin ma samunsa ya yi wuya, kuma mai neman kuɗi da wuya shi ya fi saurin tsallake matakan kariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Lamu, a gaɓar tekun Kenya. An shirya gina tashar kwal mai megawat 1,050, masunta da mutanen gari suka kai ƙara. A watan Yunin 2019 kotun muhalli ta soke lasisin, kuma babban dalilinta shi ne ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, rahoton illar aikin ma bai cika ba. Takarda suka karanta suka ga giɓi.

Mu ma muna da irin wannan ƙofa. Tun 1992 dokar Najeriya ta wajabta a yi rahoton tantance illa ga muhalli kafin a fara babban aiki irin tashar wuta ko mahaƙa, kuma ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 a ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma don kowa ya duba ya rubuta ƙorafi. Sanarwar kan fito a jarida da rediyo, galibi ta wuce ba wanda ya lura. Ga shi dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, don haka irin waɗannan takardu za su ƙaru a jihohinmu. A yanzu babu tashar kwal a Kaduna. Ranar da kuka ji sanarwar wata, a nan ko a Gombe ko a Tawa, shafukan da za ku fara nema su ne inda aka rubuta daga ina za a ɗebi ruwa, ina za a zuba toka, ina iska ke kaɗawa da hunturu, da sunayen ƙauyukan da za a tasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.