Daga Ƙaro zuwa Foliyuretan: Tarihin Gam a Iyakar Bagudo

Tun kafin gam ɗin kanti ya iso ƙasar Hausa, bishiya ce ke bai wa mutane abin liƙi. Daga ɗakwara ake samun ƙaro, wanda malamai ke zubawa cikin tawada domin rubutu ya kama allo da takarda. Daga gamji kuma ake tatsar danƙon da yara ke ɗana wa tsuntsaye tarko. A farkon mulkin mallaka Turawa sun sayi wannan danƙo suna fitarwa da sunan robar Kano, har ma sun gwada ruwan jikin kaɗanya ko zai maye gurbin danƙon da ake kawowa daga Asiya.

Yankin da yau ake kira ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi ya daɗe da sanin fataucin albarkatun daji da na gona. Garin Illo, kusa da Kogin Kwara, zango ne a hanyar fataken Gwanja, waɗanda ke ratsa ƙasar Borgu su sayo goro a Salaga. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 ta tsaga Borgu biyu: Illo ta faɗa hannun Ingila, Kandi da Nikki suka koma Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu. Iyakar ta raba gwamnatoci, amma tsarin ciniki iri ɗaya ya kafu a ɓangarorin biyu: a fitar da ɗanyen kaya, a shigo da sarrafaffe.

Abin da ya ture ƙaro da danƙo gefe ya faru ne a Jamus. A 1937 Otto Bayer da abokan aikinsa na kamfanin IG Farben a Leverkusen suka haɗa sinadarai iri biyu, foliyol da aisosayanet, suka sami foliyuretan. Shi ne asalin katifar soso da gam mai ƙarfi da ake liƙa tafin takalmi da katako. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antarsa ta dogara galibi kan man fetur.

Sai dai ana iya samun foliyol daga tsiro. Man zurma, shukar da ke fitowa da kanta a bayan gidaje da kan juji, kusan kashi 90 cikin 100 nasa asid ne mai suna risinolik, wanda ke iya haɗuwa da aisosayanet kai tsaye. Man angurya da na waken suya kuwa sai an fara sauya su a masana'anta. Ana kuma zuba selulos, zaren da ke riƙe jikin tsirrai, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya fara warewa a 1838, domin gam ya ƙara ƙwari.

Nan ne tarihin ya komo gida. Lardin Alibori na Benin, wanda ke maƙwabtaka da Bagudo, cibiyar noman auduga ne, ga angurya ga kaɗa, wadda kusan kashi 90 cikin 100 nata selulos ne. A ɓangaren Kebbi, noman shinkafa ya bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, kuma ɓuntun da ake tarawa a bakin injinan casa yana ɗauke da selulos.

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce rabi ɗaya kawai gona ke bayarwa. Yawancin aisosayanet daga fetur yake, ana yinsa da iskar fosjin mai guba a manyan masana'antun ƙetare. Masu bincike na neman kauce masa ta hanyar haɗa man tsiro da iskar kabon da sinadarin amin, amma wannan gam ɗin bai kai na fetur saurin kamawa ba tukuna.

Akwai kuma iyakar kanta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, halastaccen ciniki da Benin ya tsaya sama da shekara guda. Masana'antar da za ta haɗa anguryar Alibori da ɓuntun Kebbi tana buƙatar lantarki, da masana sinadarai, da ƙofar da ba a rufewa dare ɗaya. Idan babu waɗannan, zurma da angurya za su bi sawun robar Kano: su fita a buhu da araha, su dawo a gwangwani da tsada.