Daga Gwaranci Zuwa Kalmar Farko: Tarihin Wata Tsohuwar Tambaya

Duk gidan da ake rainon jariri ba a rasa wannan gardama. Yaro ɗan wata bakwai ya ce "ba-ba-ba", uba ya washe baki ya ce da shi ake, uwa ta ce gwaranci ne kawai. Tambayar da ke cikin wannan raha tsohuwa ce ƙwarai: yaushe sautin bakin jariri yake zama magana? Sarakuna sun yi ta, masana sun yi ta, kuma garin neman amsarta an cuci yara da yawa.

Labari mafi daɗewa ya zo mana daga Herodotus, marubucin tarihi Bagirke na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce Fir'auna Psamtik na Masar ya so sanin wace al'umma ce ta fi tsufa a duniya. Sai ya ba wani makiyayi jarirai biyu, ya ce a shayar da su nonon akuya, kada kowa ya yi magana a gabansu. Bayan shekara biyu aka ji sun ce "bekos". Da aka bincika, aka ce ai sunan gurasa ke nan a harshen mutanen Firijiya, wani yanki na Turkiyya ta yau, Fir'auna kuwa ya yarda sun girmi Misirawa. Tun da daɗewa masu sharhi suka lura cewa yaron da ya tashi cikin awaki, ba abin mamaki ba ne ya ce "bee". Ƙila kukan akuya yaran suka kwaikwaya, fadawa suka ji gurasa.

Wasu sarakunan sun maimaita gwajin. Wani malamin coci mai suna Salimbene ya rubuta cewa Sarki Frederick na Biyu, a ƙarni na 13, ya umarci masu raino su ciyar da jarirai su yi musu wanka, amma ban da magana, ban da wasa. A cewarsa, yaran duka mutuwa suka yi. An ruwaito cewa a 1493 Sarki James na Huɗu na Sikotilan ya kai jarirai biyu tsibirin Inchkeith tare da wata bebiya, daga baya aka baza cewa Ibrananci suke yi. Sarki Akbar na Indiya, a ƙarni na 16, shi ra'ayinsa daban ne: ya ce magana daga ji take samuwa. Ya sa aka killace jarirai a wani gida, da ya ziyarce su bayan 'yan shekaru sai ya tarar ba mai iya furta kalma.

Yawancin waɗannan sarakuna sun ɗauka akwai wani harshe a ɓoye cikin cikin yaro, wanda zai fito in aka kawar da mutane. Abin da suka kawar ɗin kuwa shi ne abin da ke gina maganar.

Amsa ta fara samuwa ne lokacin da aka daina killace yara aka koma sauraronsu. Charles Darwin na Ingila ya riƙa rubuta duk motsin ɗansa William, wanda aka haifa a 1839, sannan ya wallafa bayanan a mujallar Mind a 1877. Ya lura cewa yaron yana da wata biyar da rabi ya ce "da", amma babu wata ma'ana tare da ita. Da ya cika shekara sai ya ƙago "mum", yana faɗinta duk lokacin da yake son abinci, daga baya har ya kira sukari "shu-mum". A nan muka sami ma'aunin da masana ke aiki da shi har gobe: sauti ya zama kalma idan yaro yana maimaita shi da niyya, a kan abu guda, ko da babu shi a ƙamus.

Saura tambaya ɗaya: shin gwaranci hanya ce zuwa magana, ko wasan baki ne kawai? A 1941 masanin harshe Roman Jakobson ya ce abubuwa biyu ne daban, babu gada tsakaninsu. Ra'ayin ya yi tasiri shekaru da dama, har na'urar ɗaukar sauti ta yawaita a hannun masu bincike. Daga shekarun 1970 aka riƙa gano cewa sautukan da yaro ya fi so a gwarancinsa su ne yake gina kalmominsa na farko da su, kuma kafin ya cika shekara gwarancin ya fara ɗaukar launin harshen gidansu. A 1991 Laura Petitto da Paula Marentette suka nuna a mujallar Science cewa jarirai kurame da ke tashi cikin maganar hannu suna gwaranci da yatsunsu, suna maimaita guntayen alamu kamar yadda mai ji ke maimaita "ba-ba".

Zamanin kwamfuta ya ƙara haske. Deb Roy na jami'ar MIT a Amurka ya sa kyamarori a gidansa, ya naɗi bidiyo na kimanin awa 90,000 a shekaru uku na farkon rayuwar ɗansa. A ciki ana jin yadda "gaga", sunan da yaron ya ba ruwa, ya riƙa sauyawa cikin kusan wata shida har ya zama "water". Ko da wannan tarin bayanai, babu rana guda da za a nuna a ce yau gwaranci ya ƙare.

Mu ma harshenmu yana da shaida. Dubi baba, mama, dada, kaka, yaya: gaɓoɓin da bakin jariri ya fi saurin kamawa ne, manya suka karɓa suka mayar sunayen dangi. Ita kanta kalmar gwaranci, sunan harshen maƙwabtanmu Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwari, aka liƙa wa maganar da kunnenmu bai gane ba. Girkawa ma duk wanda ba ya jin harshensu "barbaros" suke kiransa, don a kunnensu "bar-bar" kawai yake cewa. Sau da yawa mai sauraro ne ke yanke hukuncin abin da ya zama magana.

Abin da shekaru 2,500 na wannan tambaya suka bar mana ba shi da wuya. Yawancin jarirai suna fara jera gaɓoɓi irin "ba-ba" tsakanin wata shida zuwa goma, kalmar farko kuma takan zo wajen cikar shekara, wani ya riga, wani ya ɗan makara. Idan yaro ya wuce wata goma bai fara jera gaɓoɓi ba, ko ba ya juyowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba jinsa, kada a tsaya a kan "nauyin baki gadon gidansu ne". Sauran aikin kuma namu ne. Uban da ya amsa "na'am" da jin "ba-ba" bai yi kuskure ba, domin da irin wannan amsa ce yaro ke gane cewa sautinsa yana kiran mutum. In jariri ya yi mana gwaranci, mu ajiye waya mu amsa masa.